Sarkin Yawa Ya Fi Sarkin Ƙarfi: Lissafin Dabbobin Kira a Wasan Dungeons & Dragons

Duk wanda ya saba karanta littattafan yaƙi na Hausa ya san abin da ke biyo baya idan aka ritsa boka a fagen fama. Zai karanta ɗalasimai, ƙasa ta girgiza, sai ga namun daji sun ɓullo suna faɗa a madadinsa. A littafi, marubuci ne ke yanke ko nawa za su fito, da wanda za su fara cafka, da lokacin da za su ɓace. Amma akwai wasan da ake yi a kan tebur wanda doka da lissafi ne ke yanke wannan hukunci. Sunansa Dungeons & Dragons. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974, yau kuma kamfanin Wizards of the Coast ke buga littattafansa.

Mutum huɗu ko biyar ne ke zama, kowa ya ɗauki jarumi guda ya riƙa magana da yawunsa, mutum ɗaya kuma ya zama jagoran wasa, shi ke ba da labari yana kuma riƙe da abokan gaba. Kayan aikin takarda ne da fensir da dayis, babu tsafi a ciki, ba a kuma bukatar wuta ko data. Irin waɗannan wasannin tebur na zamani sun fara samun gindin zama a Nijeriya, har kamfanin NIBCARD Games na Abuja ya ci kyautar Diana Jones a 2021, ɗaya daga cikin sanannun kyaututtukan wannan fage.

A cikin ɗaruruwan sihirin da littafin 'yan wasa na 2014 ya ƙunsa, akwai na kiran dabbobi, wanda littafin ya sa wa suna Conjure Animals. Shekara goma ana gardama a kansa, har kamfanin ya sake rubuta shi daga tushe a 2024. Alƙaluman da ke tafe za su nuna dalili.

Yadda ake ƙirga faɗa

Faɗa a wannan wasa zagaye-zagaye ake yin sa. Kowane zagaye daƙiƙa 6 ne a cikin labari, kuma a cikinsa kowa yana da layi guda da zai yi tafiya ya kai hari. Ana zana fili gida-gida, kowane gida ƙafa 5. Lambobi uku ne ke riƙe da kowace halitta: makin rai, wato yawan dukan da za ta iya sha kafin ta faɗi, lambar sulke, wato wuyar samunta, sai ƙarin da take ɗorawa a kan jifarta idan ta kai hari.

Dayis mai fuska 20 ake jefawa. A ce kyarkeci, mai ƙarin 4, ya kai wa mai sulke 13 cizo. Sai ya jefa 9 ko sama kafin cizon ya shiga. Daga 9 zuwa 20 fuska 12 ne cikin 20, ke nan kashi 60 cikin 100. Idan ya shiga, sai a jefa wasu ƙananan dayis a ga yawan ɓarnar, wadda tsaka-tsakinta ga kyarkeci maki 7 ne.

Zaɓi huɗu, farashi ɗaya

Sihirin kiran dabbobi na daraja ta 3 ne, bokan daji, ɗaya daga cikin jaruman wasan, yana samun sa idan ya kai mataki na 5. Dokar 2014 ta ba shi zaɓi huɗu bisa ƙimar haɗarin dabba: guda mai ƙima 2, ko biyu masu ƙima 1, ko huɗu masu rabi, ko takwas masu kwata. Dabbobin suna da nasu layin a zagaye. Suna bin umarnin baki, kuma ba da umarnin ba ya cin komai daga layin bokan. Idan ya yi shiru, sai su tsaya suna kare kansu kawai. Za su iya kaiwa awa 1 muddin hankalin bokan yana tattare a kansu.

A takarda, zaɓin huɗun kunnen doki suke. Littafin dodanni ya sa wa karkanda maki 450 na lada, zaki 200, kada 100, kyarkeci 50. Karkanda guda 450 ke nan, zakuna biyu 400, kadoji huɗu 400, kyarketai takwas 400. Wanda ya tsaya a nan zai ce karkanda ta ɗan fi.

Sai dai littafin jagoran wasa na wannan shekarar ya faɗi wani abu dabam. Ya ce idan jagora zai auna wahalar faɗa, abokan gaba biyu a ninka makinsu da 1.5, uku zuwa shida a ninka da 2, bakwai zuwa goma a ninka da 2.5. Da wannan ma'auni, zaɓin ya koma 450, da 600, da 800, da 1,000. Kamfanin ya san yawa yana ƙara ƙarfi idan dodanni ne suka taru a kan 'yan wasa, amma bai sa wannan a lissafi ba da ya zo miƙa wa ɗan wasa garke.

Jifa biyu

Akwai wata doka da ta ƙara faɗaɗa ratar, kuma mai buga lido a kowace majalisa ya riga ya san sirrinta. Da dayis ɗaya, damar samun shida da zai fitar da ɗa daga gida 1 ce cikin 6, kusan kashi 17 cikin 100. Da dayis biyu, kamar yadda aka fi bugawa a Nijeriya, damar ko ɗaya ya ba da shida ta zama 11 cikin 36, kusan kashi 31.

Kyarkeci da zaki suna da baiwar farautar garke: idan ɗan'uwansu yana tsaye kusa da abin harin, sai su jefa dayis biyu su ɗauki mafi girma. Kyarkecin da ke kuskure sau 40 cikin 100, yanzu sai jifa biyun duk sun kuskure, wato 0.4 sau 0.4, kashi 16. Cizonsa ya tashi daga kashi 60 zuwa 84. Na zaki, mai ƙarin 5, ya tashi daga 65 zuwa kusan 88. Kuma da yake su takwas ne, da wuya kyarkeci ya rasa ɗan'uwa a gefensa.

Ga abin da kowane zaɓi ke yi wa mai sulke 13 a zagaye guda, a tsaka-tsaki, ba tare da an sa sa'ar jifar 20 mai ƙara ɓarna ba:

Karkanda 1: hari 1, ɓarna 10.5, jimlar makin rai 45.
Zakuna 2: hari 2, ɓarna 12.3, jimlar makin rai 52.
Kadoji 4: hari 4, ɓarna 16.8, jimlar makin rai 76.
Kyarketai 8: hari 8, ɓarna 47, jimlar makin rai 88.

Karkanda tana iya kai 17 idan ta samu filin sheƙowa da gudu ƙafa 20 kafin ta soka ƙaho, amma galibi sau ɗaya take samun haka a faɗa. Don a gane girman 47, sai a dubi barde mai mataki na 5 da babban takobi. Sara biyu yake yi, kowanne maki 11, yana samu sau 75 cikin 100, jimla 16.5 a zagaye. Garken kyarketai ya kusa yin aikin barade uku, alhali bokan da ya kira su bai rasa nasa layin ba, yana nan yana jefa wani sihirin marar bukatar tattara hankali. Tawagar mutum huɗu ta wayi gari da layi goma sha biyu.

Gwaji da basamude

A ɗauki basamuden tudu, dodo mai ƙima 5 da lada 1,800, wanda aka tsara ya ishi tawaga guda aiki. Makin ransa 105, sulkensa 13, yana kai duka biyu da kulki, kowanne kusan maki 18, da ƙarin 8 a jifa.

Idan karkanda aka tura masa kuma ita ta fara, za ta yi masa 17 a sukar farko, da 10.5 a ta biyu. Shi kuwa yana samunta sau 90 cikin 100, yana cire mata kusan 32 a zagaye. A zagaye na biyu ta faɗi, ta bar shi da raunin maki 28 kacal.

Idan kyarketai ne, labari ya sha bamban. Yana samun su sau 80 cikin 100, kuma kusan kowane duka kisa ne, tunda ran kyarkeci 11 ne. Amma duka biyu kawai gare shi, don haka 1.6 yake kashewa a zagaye. A kowane duka kuma maki 7 na ƙarfinsa a banza suke tafiya, domin ba a kashe gawa sau biyu. Zagayen farko garke ya yi masa 47, na biyu kusan 38, na uku kusan 28. Jimla 113, ta haura 105. Basamude ya faɗi cikin daƙiƙa 18 na labari, kyarketai kusan biyar suna tsaye, da sauran kusan awa guda a gabansu ta shiga wani faɗan.

Masana dabarun yaƙi sun daɗe da sanin wannan. Injiniyan Ingila Frederick Lanchester ya wallafa a 1916 cewa inda kowa ke iya auna abokin gaba, ƙarfin runduna yana bin yawanta sau yawanta ne. Ninka soja biyu, ƙarfi ya ninka huɗu, saboda hannuwan duka sun ƙaru kuma wuyan da za a sara kafin a gama da su ma sun ƙaru. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, in ji Hausawa, lissafi ma bai musa ba.

Inda yawa ke karyewa

Garke yana da lago uku. Na farko wuta ce. Sihirin dunƙulen wuta, shi ma na daraja ta 3, yana cin duk wanda ke cikin ƙafa 20 daga inda ya fashe. Dayis takwas masu fuska shida ake jefawa, tsaka-tsaki 28, wanda ya yi nasarar gocewa ya sha rabi, 14. Ran kyarkeci 11 ne, don haka ko ya goce ba lalle ya tsira ba. Sai jimlar jifar ta tsaya a 21 ko ƙasa, abin da ke faruwa sau 9 kawai cikin 100. Karkanda mai 45 kuwa kusan kullum za ta fita da ranta, tunda iyakar abin da wutar za ta iya yi 48 ne.

Na biyu shi ne bokan kansa. Duk sanda aka doke shi sai ya yi jifar riƙe hankali, ya samu 10 ko rabin ɓarnar da aka yi masa, duk wanda ya fi yawa. Boka mai ƙarin 2 yana tsallakewa sau 65 cikin 100. Idan aka doke shi sau uku, damar ya tsallake duka ta sauko kashi 27. Ya faɗi sau ɗaya, dabbobin duka sun ɓace nan take. Shi ya sa masu son wannan sihiri ke neman baiwar da ke ba su jifa biyu a nan ma, wadda ke ɗaga kashi 27 ɗin zuwa kusan 68. Abokin gaba mai wayo ba ya ɓata lokaci a kan garke, makiyayin yake nema.

Na uku fili ne da sulke. Gida takwas ne ke kewaye da mai girman mutum, goma sha shida ke kewaye da basamude. A lungu mai faɗin ƙafa 10 kuwa, biyu ne kawai za su iya cizo, sauran shida suna baya suna tare wa baraden tawaga hanya. Idan abokin gaba yana sanye da cikakken sulken ƙarfe mai lamba 18, cizon ya sauko kashi 58, ɓarnar garke ta koma 32. Wasu dodannin ma rabin ɓarna suke ji daga haƙorin da ba na sihiri ba, wasu ba sa ji sam.

Alƙalamin da ba ya cikin littafi

Duk da waɗannan lago, babban abin da ya ɓata wa mutane rai da wannan sihiri lokaci ne. A ƙirga jifar da garke ke bukata a zagaye guda. Kyarketai takwas, kowanne jifa biyu, 16. Kusan bakwai za su samu, jifar ɓarna 7. Kowane cizon kyarkeci da ya shiga yana tilasta wa wanda aka ciza jifar kada ya faɗi ƙasa, wasu 7. Jimla kusan 30. Barde kuwa jifa huɗu ta ishe shi, biyu na sara, biyu na ɓarna.

A ƙaddara kowace jifa da lissafinta tana cin daƙiƙa 10. Layin garke minti 5 ke nan, na barde daƙiƙa 40. Faɗa mai zagaye huɗu zai ci minti 20 a kan dabbobin mutum ɗaya, ban da matsar da su gida-gida da rubuta ran kowanne. Sauran 'yan wasan suna zaune sun zuba tagumi, wani ya ciro waya. Kuma dokar ta yarda a ninka: idan aka yi sihirin a daraja ta 5 kyarketai 16 ne, ta 7 su 24, ta 9 su 32, wato jifar hari 64 a zagaye ɗaya. Ribar garke ta mutum ɗaya ce, kuɗin kuwa daga lokacin abokan zamansa ake cira.

Akwai kuma gardamar wa ke zaɓar dabbar. Fatawar da kamfanin ya fitar ta ce ɗan wasa yana zaɓar adadi ne kawai, jagora ke faɗin irin dabbar da ta fito. Wannan ya rage ƙarfin sihirin amma ya ƙara rigima, domin wanda ya sa rai da kyarketai aka ba shi wata dabbar da ba ta kai su ba, zai ga kamar da gangan aka yi masa.

Gyara iri uku

Bugun 2003 na wasan bai sakar wa boka hannu haka ba. A can dabbar kira zagaye ɗaya take yi a kan kowane matakin boka, mai mataki na 5 ya samu zagaye 5, daƙiƙa 30, kuma adadin ba ya wuce biyar. Dokar 2014 ce ta mai da shi awa 1, zagaye 600.

Gyaran farko daga wani kamfani ya zo. A Pathfinder bugu na biyu, wanda Paizo ya fitar a 2019, kowa yana da aiki uku a layinsa. Kiran dabba yana cin ukun duka. Daga nan kowane zagaye sai boka ya ba da aiki ɗaya don ta ci gaba da zama, ita kuma ta yi biyu. Ribarsa aiki ɗaya tak, huɗu maimakon uku, na tsawon minti 1. Boka mai mataki na 5 dabba mai mataki na 2 yake iya kira, don haka mataimakiya ce, ba ta isa ta maye gurbin barde ba.

Na biyu ya zo a Nuwamban 2020, cikin littafin Tasha's Cauldron of Everything. Dabba ɗaya ake kira, tana yin layinta daf da bayan na bokan, idan ba a ba ta umarni ba sai ta riƙa gocewa tana kauce wa haɗari. Lambobinta suna girma da darajar sihirin. A daraja ta 3, dabbar tudu tana da rai 35, sulke 14, hari ɗaya mai maki 11.5. A kan mai sulke 13, ko da jifa biyu, kusan 11 take yi a zagaye. An sauko daga 47 zuwa 11, jifa kuma daga 30 zuwa 3.

Na uku shi ne sabon littafin 'yan wasa na Satumban 2024, wanda ya bar sunan tsohon sihirin ya canza cikinsa. Yanzu garken ruhohi ne marasa makin rai, marasa layi, boka yana matsar da su ƙafa 30 idan yana tafiya. Wanda ya shiga ƙafa 10 kusa da su sai ya yi jifar gocewa, in ya kasa ya sha dayis uku masu fuska goma, tsaka-tsaki 16.5. Awa 1 ta koma minti 10. Jifa biyu ta wadatar a kan kowane abokin gaba. Wasu 'yan wasa sun yi murna, wasu sun ce an raba su da abin da ya sa suke son bokan daji, wato ganin dabba ta gaske tana tare hanya, tana shan duka a madadin mutum.

Hukunci

Masu ƙorafin suna da gaskiya ta fuska ɗaya: garken da ba a iya duka ba ya ba da labari kamar zakin da ya tsaya a bakin ƙofa har ya faɗi. Amma ba a magance wannan da komawa ga takwas. Alƙaluma sun nuna dabba ɗaya ko biyu suna ba da ɓarnar 10 zuwa 12 a zagaye, ƙasa da ta barde, da jifa kaɗan, kuma kowa a tebur yana ci gaba da jin yana da amfani.

Dokokin 2014, har da wannan sihiri da lambobin dabbobin, suna cikin kundin da kamfanin ya sake wa jama'a kyauta a Janairun 2023, don haka matasan da ke son kafa tebur a Kaduna ko Zariya za su iya cin karo da tsohuwar dokar kafin sabuwa. Shawara gare su uku ce. A yi magana kafin a fara wasa, a tsayar da dabbar kira a kan ɗaya ko biyu. Idan tebur ya nace sai garke, a yi aiki da jadawalin taron dangi da ke littafin jagora, wanda ya ce masu bukatar jifar 6 zuwa 12 ɗaya cikin biyu ke samu: kyarketai takwas, cizo huɗu, maki 28, ba tare da an taɓa dayis ba. Sannan mai kiran dabba ya zo da lambobinta rubuce a kati tun daga gida. Wanda bai shirya katinsa ba, jagora ya hana shi kira a ranar.